Randar Sarkin Famfo

A ƙauyen Tudun Belbela, nan bakin Haɗeja, inda ake jin kiran sallar cikin gari idan iska ta juyo, an yi wani mutum mai suna Bakari wanda ruwa ya raina tun yana yaro. Abin kunya ne a faɗa, don mutanen wurin a bakin kogi aka yanke musu cibiya, kuma ubansa masunci ne na gani na faɗa. Amma Bakari, duk ran da aka ɗora shi a kan gora, ƙaton duman da ake hawa a ruwa, aka ce ya bi sahun masunta, kafin ya gyara zama goran ya juye, sai dai a hango tafin ƙafarsa a sama. Aka gwada shi a kwale-kwale, ya yi amai tun ba a kwance igiya ba. Uban ya haƙura ya yanka masa fadama ya noma shinkafa, tsuntsayen jan-baki suka tsallake gonar kowa suka sauka a tasa. Shekarar da ya yi fushi ya ce ya rabu da kogi ke nan, ya koma shan ruwan kududdufi, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, ya yi damina guda a kwance yana naɗe tsutsa a jikin tsinke.

Ba rago ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Dogo ne siriri mai son a gan shi da mutunci, kuma ba abin da ke ci masa rai kamar zaman gindin tsamiya, inda maza ke hirar kifi da cikowar kogi, ba mai waiwayowa ya ce, "Bakari, kai me ka gani?" Matarsa Safara'u, mutuniyar Miga, gajera ce marar yawan magana. Ita ke riƙe da gidan da 'yar sana'arta ta dafa wake, kuma ba a taɓa jin ta kai ƙarar mijinta wurin kowa ba.

Bayan an dawo daga yaƙin ƙasar Bama da 'yan shekaru, En'e, hukumar sarki ta wancan zamanin, ta aiko ma'aikata suka haƙa rijiya a tsakiyar ƙauyen, suka ɗaure ta da siminti, suka rufe bakinta, suka kafa mata famfo mai hannu. Aka ce don a rabu da kurkunu ne. Da za su tafi, babbansu ya ce wa Bulama Fannami, mai garin, ya samo wanda zai riƙe mabuɗin kwaɗo, ya buɗe da safe ya rufe da magariba, ya kuma hana yara lilo a hannun famfon. Bulama ya duba hagu ya duba dama. Kowa yana kogi ko yana fadama, mutum ɗaya ne kawai a gindin tsamiya.

"Bakari, zo karɓi mabuɗi," in ji Bulama. "Wannan ruwan dai a ƙarƙashin ƙasa yake, an kuma danne shi da siminti. Ba na jin zai iya kayar da kai."

Da yamma labari ya bazu, wani shaƙiyyi ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Famfo!" Da wasa ya faɗa, amma Bakari bai ji wasan ba, sarautar kawai ya ji. Washegari ya fito da rawanin da ya gada a wurin kakansa, mabuɗi na rataye a wuyansa kamar laya, yana tafiya a miƙe har wasu ba su gane shi ba.

Ranar buɗe famfo gari ya taru. Bakari ya kama hannun ƙarfen ya buga, ya buga, sai ga ruwa fari tas, babu laka, babu ko tsinke. Mata suka yi guɗa. Aka tara ƙwarya aka miƙa wa Bulama. Ya kurɓa, ya tsaya, kumatunsa a cike, idonsa na neman inda zai tofar ba a gani ba. Ruwan zartsi ne, mai nauyi a harshe, ka sha ka ji kamar ka lashi bango. Bulama ya daure ya haɗiye, ya miƙa wa Bakari ƙwaryar. Bakari ya kafa kai ya shanye ta duka. Hawaye suka cika masa ido, amma ya share baki ya ce, "Madalla! Wannan shi ne ruwan zamani. Harshenku ne bai waye ba."

Ba a yi nisa ba ruwan zamani ya nuna halinsa. Sabulu ya ƙi kumfa a cikinsa, ka goga har hannunka ya gaji, sai dai wani kitse-kitse ya taso a sama. Butocin alwala suka yi farin ɓawo a ciki. Masu gemu suka fara jin gemunsu ya sandare. Maƙwabciyar Safara'u, wata mai bakin tsiya da ake kira Aisa, ta ɗauko tukunyar wake har bakin famfo ta dire a gaban Bakari.

"Sarki, tun hantsi waken nan yake kan wuta. Itacena ya ƙare, yara sun yi kuka sun gaji. Saurara ka ji."

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefi hannun famfon, ya ce ƙwal.

"Wakenki ne tsoho," in ji Bakari.

"To Allah ya sa kai ma ka tsufa da irin ƙarfinsa," ta ce, ta ɗauki tukunyarta.

Bulama ya aika cikin gari da koke cewa ruwan ba ya shawuwa. Mata suka koma kogi. Masu son famfon tsakani da Allah su ne shanun wani Bafulatani mai suna Ya'u, da ke da ruga a bakin fadama. Da sun jiyo ƙanshin ruwan da ke kwanciya a gindin famfo sai su ƙwace su nufo shi da gudu, su yi ta lasar taɓon. Wannan kuwa Bakari ya ɗauke shi cin mutunci. Famfon hukuma, mai kwaɗo da mabuɗi, a ce shanu ne ke layi? Ya tanadi sanda ta musamman, kullum sai ya bi su har bayan gari, rawani na warwarewa.

Shi kansa bai daina sha ba. Ya rantse ba zai ƙara kai ruwan kogi bakinsa ba, ya riƙa ɗaga ƙwarya a bainar jama'a yana shanyewa. Ya rame, leɓensa ya bushe. Ranar da ya wuni ba wanda ya zo ɗiba sai wata tsohuwa da za ta kwaɓa ƙasar yaɓe, ya rufe kwaɗonsa ya koma gida ya zauna a zaure, ko rawanin bai iya cirewa ba.

Safara'u ta kawo masa ruwa a moɗa, ta durƙusa ta miƙa. Ya runtse ido yadda ya saba, ya kurɓa. Sai ya buɗe idon. Ruwa ne mai sanyi, mai gardi, ya wuce maƙogwaro ba faɗa.

"Ke, wannan wane ruwa ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Na famfonka ne, Malam. Kwana ya yi a randa."

Ƙarya take yi. Ruwan kogi ne, ta ɗebo lokacin da ta je wanki, ta tace da farin ƙyalle, ta bari ya kwanta. Amma randa tana can ƙuryar tsakar gida kusa da madafa, kuma a ƙauyen nan namiji mai mutunci ba ya leƙa randa, sai dai a kawo masa. Bakari ya miƙe tsaye da moɗar a hannu, ya fita waje ba takalmi.

"Jama'a! Ashe ɗanye muke sha! Ruwan famfo sai ya kwana!"

Maza suka taru a zaurensa, moɗa ta zagaya, kowa ya sha ya gyaɗa kai. Bulama da kansa ya sha ya ƙara. Kowa ya koma gida ya umarci matarsa ta ɗebo ruwan famfo ta kwanar da shi. Gari ya waye aka ɗanɗana, yana nan da zartsinsa, sai ma abin da ya ƙaru. Nan fa aka zauna a gindin tsamiya ana bincike, kuma a karon farko a rayuwarsa Bakari ne ake tambaya. Ya shafa sandararren gemunsa ya ce ai ba kowace randa ba ce. Tasa daga Miga aka kawo ta cikin kayan auren Safara'u, yumɓun can daban ne. Wani ya ce a'a, wankin randar ne, matan yanzu ba su iya ba. Wani ya ce sai an rufe da faifai sabo. Maza suka koma gida da faɗa, kowa na cewa matarsa ta je ta koyo riƙon randa wurin matar Sarkin Famfo.

Suka je kuwa, Aisa ce a gaba. Ba a san abin da Safara'u ta gaya musu a madafa ba, an dai ji dariya ta tashi har kaji suka watse. Daga ranar randunan Tudun Belbela suka fara koyon aiki ɗaya bayan ɗaya. Kowace mace ta zo da safe ta yi layi a famfo, ta gaida Sarki, ta cika tulu a gaban idon kowa, ta kai gida ta yayyafa wa tsakar gida ko ta ba awaki. In rana ta yi ta tafi kogi wanki, don ko Bakari ya yarda cewa wanki daban, sha daban, ta dawo da tulu a ƙarƙashin jiƙaƙƙun kaya wai ruwan ɗauraya. Da yamma maigida ya sha ruwan kakanninsa, ya yi gyatsa, ya yabi zamani. Har aka samu masu cewa su yanzu ko warin ruwan kogi ba sa so.

Bakari ya yi ƙiba. Ya share gindin famfo, ya kewaye shi da ƙaya saboda shanu, ya kafa doka cewa ba a bugawa da hannun hagu, ba a kuma bugawa ana taunar goro. Baƙi daga ƙauyukan kusa sukan zo ganin randar, ya tsayar da su a zaure a kawo musu moɗa, don randa ba abar kallo ba ce. Idan ya wuce, yara na cewa Sarki ya wuce, kuma yanzu ba duka ne ke dariya ba.

Shekara ta zagayo, kowa ya manta da koken da Bulama ya aika, har shi Bulaman. En'e ce ba ta manta ba, tafiyarta ce a hankali. Sai ga saƙo cewa duba-gari zai zo ya ɗanɗana ruwan, idan ba ya shawuwa za a tumɓuke famfon a kai wani ƙauye. Bakari ya ji kamar an ce za a cire masa haƙarƙari. Ba famfo, ba mabuɗi, ba mabuɗi kuwa sai komawa gindin tsamiya, inda ba a tambayarsa komai. Amma ya tuna da randarsa, hankalinsa ya kwanta. Ya ce wa Safara'u ta yi wa baƙo girki na kece raini. Aiki ya yi mata yawa tun jajibiri, sai ta roƙi Aisa ta cika mata randar. Aisa kuwa ba ta da haƙurin tacewa, tuttulawa kawai ta yi ta rufe.

Duba-garin, Malam Abdulwahid, ya iso da hantsi a kan keke, da kakinsa da dogon ludayinsa na leƙa randuna ɗaure a bayan sirdi. Mutum ne mai fara'a amma ba ya wasa da aiki. Ya buga famfo da kansa, ya tara hannu ya kurɓa, ya furzar har ya jiƙa takalminsa.

"Subhanallahi! Wannan kuke sha?"

"Ranka ya daɗe, ɗanye ka sha," in ji Bakari cikin tausayi. "Ruwan famfo sai ya kwana."

"Sai ya me?"

"Ya kwana, Malam," in ji Bulama. "Mu ma da farko mun jahilci abin. Har ni na yi gaggawar kai ƙara."

Aka ɗunguma gidan Bakari, kuma don ɗoki ya bar famfon a buɗe, abin da bai taɓa yi ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Safara'u ta aiko da moɗa. Malam Abdulwahid ya shinshina, ya kurɓa, ya shanye.

"Kai, wannan ruwa da gardi yake! Daga rijiyar can?"

"Daga ita, ranka ya daɗe. Aikin randa ne."

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma duba-gari ba ya jin kalmar randa ya zauna, aikinsa ke nan, ya leƙa ko akwai tsutsar sauro. Ya kwance ludayinsa ya yi sallama ya shiga tsakar gida, Bakari da Bulama na biye. Matan maƙwabta da suka zo taya girki suka ja mayafi suka koma bayan zana. Ya ɗaga faifai, ya zura ludayi har ƙasa, ya juya, ya ɗago. A cikin ludayin wata 'yar ƙarfasa ce, kifin kogi, ba ta fi ɗan yatsa ba, tana kaɗa wutsiya hankali kwance.

Bakari ya leƙa, ya sake leƙawa, sai fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Famfon ya fara kawo kifi!"

Bulama ya riƙe haɓa. "To, ko gindin rijiyar ne ya haɗu da kogi ta ƙasa?"

"Bulama," in ji Malam Abdulwahid, yana danne dariya, "na leƙa randuna daga nan har Baturiya, ban taɓa ganin kifin da ya ratso siminti ya biyo bututun ƙarfe ba. Wannan da tulu ya zo."

Aisa ce ta fara fashewa a bayan zana, sauran matan suka biyo, dariyar da suka shekara suna haɗiyewa ta ɓalle gaba ɗaya. Bulama ya tuna da tasa randar, ya tuna yadda ya tsaya a gaban masallaci yana zagin ruwan kogi, ya ja hula ya rufe goshi. Bakari bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi Safara'u. Tana tsaye a bakin madafa da muciya a hannu, idonta a ƙasa, ita kaɗai ce ba ta dariya. Nan ya gane, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don kunyar goran da ke juyewa da shi ba ta kai wannan ba.

Malam Abdulwahid ya ce ba shi da zaɓi, ruwan ba ya shawuwa, zai faɗa yadda ya gani. Suka fito za su raka shi wurin kekensa, Bakari na baya yana murza mabuɗin wuyansa. Tun daga nesa suka ji ƙarar hannun famfo. Ya'u ne ya samu wuri ba mai gadi, ya janye ƙaya, yana ta bugawa da hannun hagu, goro cike da bakinsa, shanu sun kewaye shi suna ture juna. Bakari ya ɗauki sandarsa, amma ya rasa ƙarfin ɗaga ta.

"Kai Bafulatani, shanunka na shan wannan?" in ji duba-gari.

"Aradu sun fi son shi da na kogi, Malam. Gishiri-gishirin nan suke bi. Kowace shekara sai mun sha wahalar nemo musu kanwa, ga ta nan Allah ya narka a ƙasa. Da Sarki zai ajiye sandar nan, duk rugagen fadamar nan a nan za su riƙa shayarwa."

Malam Abdulwahid ya tsaya yana kallon shanun. Ya san En'e ba ta ƙi Fulani su zauna a ƙasarta da garkensu ba. Ya ce to, famfon da ake layi a kansa haka ba shi zai ce a tumɓuke ba, sai dai a daina kiransa ruwan sha. Ya ce matan gari su riƙa tace ruwan kogi da ƙyalle kowace rana, wadda ya kama da kifi a randa kuwa za ta gamu da shi. Ya hau kekensa, ya waiwayo ya ce, "Sarkin Famfo, a riƙe mabuɗi da kyau."

Da magariba Bakari ya zauna a zaure. Safara'u ta kawo moɗa ta durƙusa, bai karɓa ba.

"Shekara guda kina mai da ni abin dariya."

"Ba dariya na so a yi maka ba, Malam."

"To me ya sa?"

"Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka yi tafiya a miƙe ba sai ranar da aka ba ka mabuɗin nan. Na ce wannan famfon ba zan yarda ka rabu da shi ba. Amma na ga yana cinye ka kana ramewa, na ce kuma ba zan zauna ina kallo ya kashe mini miji ba. Dabarar da na iya ke nan."

Bakari ya daɗe yana kallon moɗar. Sannan ya karɓa ya sha.

"Ina kifin?"

"Yana cikin ƙwarya."

"A mayar da shi kogi. Shi ne na farko da aka taɓa kamawa a gidan nan, kada a ce mun yi masa rashin mutunci."

Ya riƙe sarautarsa har tsufa. Ya jawo wani tsohon kwale-kwale da ya fashe, ya toshe shi da ƙaro ya girke a bakin famfo ya zama komin shanu, aka ce yau dai Bakari ya samu jirgin da ba zai juye da shi ba. Ya san shanun fadamar nan ɗaya-ɗaya, Fulani na kawo masa nono da man shanu, kuma a gindin tsamiya idan hira ta zo kan lafiyar dabbobi shi ake juyowa a tambaya. Dokar hannun hagu ce kawai bai janye ba, sai dai ba mai bin ta.

Da shekaru suka tura, ƙafafun Safara'u suka gaza, ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa sai da sanda. Daga nan mutanen Tudun Belbela suka saba ganin wani abu kowace safiya: Sarkin Famfo da rawaninsa, mabuɗi a wuya, tulu a kafaɗa, ya nufi kogin da ya yi rantsuwa a kansa. Yakan tsaya nesa-nesa da bakin ruwan, ya miƙa hannu iyakar tsawonsa ya ɗiba, don har yanzu shi da ruwa ba su shirya ba. Ya kai gida ya tace da farin ƙyalle, ya zuba a randar Miga da hannunsa. Da yamma ya ɗebo a moɗa, ya kai mata har bakin gado.

"Ungo, na famfo ne. Kwana ya yi."

Ta kurɓa a hankali, ta dube shi.

"Lallai ya kwana, Malam."